Filin Tambayoyinku: Motar Tafi-da-Gidanka 'Yar Beljiyam, Lita Nawa Take Sha Da Gaske?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo yawancinsu kan shan mai ne, kuma ban yi mamaki ba, tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur duk wanda zai sayi mota tambayarshi ta farko ita ce lita nawa take sha, kafin ma ya tambayi lafiyar inji. Na ware guda biyar da suka shafi motocin nan masu ɗaki a ciki da 'yan'uwansu manyan bas-bas, na farkon shi ya fi ɗaukar mani lokaci don kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan kasuwa ne ina saida maganin dabbobi da na feshi, ina bin kasuwanni irin su Mai'adua da Mashi da Charanchi, duk sati kuma sai na shiga Kano ɗauko kaya, wlh kwanan hanya ya ishe ni, yau ɗakin haya gobe shagon wani. Sai wani dillali ya turo mani bidiyon wata mota a WhatsApp irin mai gida a ciki, da gado da kicin da bayi da firji har AC a samanta, Ford ce 'yar Amurka injin V10, yace tana yin 15 mpg wai ba ta shan mai ko kaɗan. Ni ban ma san mene ne mpg ɗin ba. Na kusa saida fili in haɗa kuɗin, me ka gani?
Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dakata da maganar filin nan tukuna dan Allah, mu yi lissafi tare, in ka gama karantawa sai ka yanke.

Mu fara da mpg ɗin. Ma'anarshi mil nawa mota ke yi da galan ɗaya na mai. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori, galan ɗin Amurka kuma lita 3.785 ne, ba irin galan ɗin 'yan bumburutu da muka sani ba. Hanya mafi sauƙi ita ce duk lambar da aka faɗa maka ka ninka ta da 0.425, sai ta ba ka kilomita nawa lita ɗaya ke yi. To 15 ɗin da dillali ya faɗa ta zama kilomita 6.4 a lita. Ka ga ko da maganarshi gaskiya ce ma, wannan ba mota ba ce da za a ce ba ta shan mai, Corolla mai lafiya tana ninka haka a doguwar hanya.

Amma ni ban yarda da 15 ɗin ba sam. Injin da yake magana V10 ne mai lita 6.8, silinda goma, Ford ta fara sa shi tun 1997 kuma shi ke cikin mafi yawan motocin gida na Amurka masu amfani da fetur na wancan zamanin. Inji ne mai ƙarfi da juriya, wannan ba a ja, amma an yi shi don ya ja nauyi ne. Irin wadda ka siffanta, mai kan bas a gaba da ɗaki ya leƙo saman direba, galibi akan gangar motar Ford samfurin E-350 ko E-450 ake gina ta, ita E-450 in an cika ta iyakar nauyin da aka yarda mata ya kai tan shida da rabi. Masu irinta can ƙasarsu, akan titunansu masu santsi, abin da suka saba samu tsakanin 8 zuwa 10 mpg ne, wato kilomita 3.4 zuwa 4.2 a lita. Manyan kuma masu siffar lagzuriyas, 6 zuwa 8 suke yi, kilomita biyu da rabi zuwa uku da ɗan wani abu.

Wani abu da ya kamata ka sani, hukumar da ke gwada shan man motoci a Amurka tana manna takarda a gilashin sabuwar mota, ƙananan motoci take yi wa, manyan da suka yi nauyi irin na motocin gida ba sa cikin wannan gwajin. Kenan babu wata lamba ta hukuma da dillali zai ce daga nan ya ɗauko, ko dai ya ji a bakin wani ko ya gani a intanet an rubuta kan wata mota daban.

Yanzu mu kawo shi gida. Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340. In motar na yin 3.4 a lita, lita 100 cif kenan. Mu ɗauka lita naira 1,000 don sauƙin lissafi kawai, kai ka sa farashin da ka sha jiya, dubu ɗari kenan a tafiya guda, ba ka ci abinci ba, ba ka biya 'yan dako ba. In ta yi maka kirki ta ba ka 4.2, lita 80. Sau huɗu a wata lita 320 zuwa 400 na Kano kaɗai, ba a sa kasuwannin ƙauye ba. Ka ɗauko littafinka ka duba nawa kake kashewa a wata kan ɗakin haya da kuɗin mota da lodin kaya, ka aje su gefe da gefe. Ni dai ina da yaƙinin ɗakin hayar bai kai rabin wannan ba.

Kuma fa lissafin nan na titi mai kyau ne da tafiya ba tsayawa. Mu kau hanyarmu kowane gari akwai tudun rage gudu, ga shingen jami'ai, ga ramuka, ga ranar kasuwa in ka doshi Mai'adua ran Lahadi ka san yadda ake tafiya taku-taku tsakanin tireloli da shanu da 'yan acaɓa. Duk lokacin da ka taka birki ka tsayar da tan shida sannan ka sake taka totur ka tada shi, mai ne ke tafiya. Ƙaramar mota ba ta jin wannan sosai, babba kam tana ji.

Sai abin da ba a faɗa wa mai saye, wato man da take sha a tsaye. AC ɗin nan na sama da ka gani a bidiyo ba injin mota ke juya shi ba, wuta yake so, wutar kuma daga janareta ce da ke maƙale a ƙarƙashin motar, ita janaretar daga tankin motar take zuƙar fetur. Irin mai wat 4,000 da aka saba sawa tana shan kusan lita biyu a awa in tana ɗauke da AC. Ka kwana da ita awa takwas a zafin Afrilu ko Mayu da ake haura digiri 40 da rana kuma ƙarfe ya kwana yana huci, lita 16 ta tafi motar ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Ka ce to sai in jona da NEPA a gidan wani, nan ma akwai magana, kayan wutar Amurka 120 ne namu 230, sai da taransifoma mai ƙarfi, in ka jona kai tsaye ka ƙone komai.

Ban ce kar kowa ya saya ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa, wanda ke da hali yana son ta don iyali sau uku ko huɗu a shekara kuma ya san abin da zai kashe, wannan ra'ayinshi ne. Kai kuma neman riba ka fito, abin da zai cinye ribar maganin feshi ne nake ji maka. In har zuciyarka ta kafe sai ita, to kar ka biya ko kwabo sai ka gwada da kanka. Ku je gidan mai a cika tanki har famfo ya katse da kanshi, ka rubuta lambar maleji, ku yi tafiya mai ɗan tsawo kamar Katsina zuwa Daura da dawowa, wajen kilomita 160 kenan, da ruwa a tankin ruwanta da kaya kwatankwacin naka, da gudun da ka saba yi. Ku dawo gidan man nan, famfon nan, a sake cikawa har ya katse. Kilomitan da kuka yi ka raba da litar da ta shiga karo na biyu, abin da ya fito shi ne gaskiyar motar. Ka lura malejin motar Amurka da mil yake ƙirga, sai ka ninka da 1.6, ko ka buɗe taswirar waya ta auna maka. Tankinta babba ne, na E-450 ya haura lita 200, don haka cikawar farko za ta ci kuɗi, ku yi yarjejeniya da mai motar kan wa zai biya, amma ko kai ka biya gara ka yi asarar wannan da ka yi ta fili. In dillali ya ƙi yarda a gwada, ya ce ai motar na Legas ko Kwatano ka turo kuɗi kawai, to ka samu amsarka.

Ka kuma duba takardun kwastan da shekarar da aka ƙera ta, don dokar shigo da tsofaffin motoci ta hana wadda ta wuce shekara 12. Sannan maganar kwana cikin mota, Alhaji ka fi ni sanin halin da wasu hanyoyinmu ke ciki, mota irin wannan daga nesa ake hango ta kuma kowa zai ɗauka mai ita kuɗi ne da shi. Wannan ya fi man damuna.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana yana zaune a Jamus, yace zai turo mana irin motar nan mai ɗaki Fiat Ducato mai shan gas, wato dizal, don mu riƙa zuwa ganin dangi Kano da Zariya da mahaifinsu da ba ya iya dogon zama. Yace tana shan lita 11 a kilomita 100. Gaskiya ne ko faɗa kawai yake? Kuma akwai masu gyaranta nan?
Daga wata uwa, Daura

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi wa yaron albarka. Maganarshi tana kan hanya. Su Turawan can ba kilomita a lita suke faɗa ba, lita nawa a kilomita 100 suke faɗa, sai ki raba 100 da lambar, lita 11 ta zama kilomita 9 a lita. Motocin gida na Turai da ke kan Ducato mai dizal, tsakanin lita 10 zuwa 13 suka saba sha, ya danganta da tsayinta da yadda direba ke taka ta. Ki ga bambancinta da ta Alhajin tambayar farko, tafiyar da waccan za ta sha lita 100 wannan ba za ta kai 45 ba. Dalili injinta ƙarami ne, lita 2.3 ko 2.8, nauyinta kuma yawanci ba ya wuce tan uku da rabi, ga shi dizal ya fi fetur nisa a lita. Amma ki ƙara mata lita ɗaya ko biyu akan abin da ya faɗa saboda hanyoyinmu da zafi da AC, kuma a yi lissafin da farashin gas na ranar, don ba kuɗinsu ɗaya da fetur ba.

Abin da zai ba ki sha'awa, motar ba baƙuwa ba ce a wajenmu kamar yadda ake zato. J5 ɗin nan da ke ɗaukar tumatir da albasa da awaki, ita da Ducato ta farko mota ɗaya ce aka canza masu suna, kamfanonin Peugeot da Citroën da Fiat suka haɗa kai suka yi ta tun 1981, daga baya Boxer ta gaji J5 kuma ita ma 'yar'uwar Ducato ce. Don haka ƙafafuwa da birki da su giya bakanikenmu ba za su tsaya kallonta ba.

Inda nake so ki ja kunnenshi shi ne inji. Sababbin na dizal na Turai suna da matatar hayaƙi a salansa, na baya-bayan nan kuma har da wani ruwa AdBlue da ake zuba masu a tanki daban, kuma an yi su ne don dizal mai tsabta ƙwarai wanda sulfur ɗinshi bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, abin da Turai ke saidawa kenan tun 2009. In aka riƙa zuba masu gas ɗin jarka ko wanda aka gauraya da kananzir, nozul ya lalace, matata ta toshe, mota ta rage ƙarfi ta ƙara shan mai, gyaran kuma sai mai kwamfuta. To kafin ya saya ya tambaya wane irin inji ne, ku kuma ku nemi bakaniken dizal mai na'urar dubawa a Kano ko Katsina ya ce maku ya san shi. Mai kuma daga gidan mai guda da kuka yarda da shi, a riƙa canza matatar gas akan lokaci. Sai ki ce mashi ya tabbatar sitiyarinta a hagu yake, na Jamus haka suke, amma kar a yi kuskuren ɗauko ta Ingila mai sitiyari a dama, Najeriya ta bar wancan tsarin tun 1972. Su 'yan Ingilan ma galan ɗinsu daban ne, lita 4.5 da ɗori, shi ya sa in kin ga 25 mpg a tallar Ingila kusan kilomita 9 ne a lita, a tallar Amurka kuma 25 ɗin ta haura 10 da rabi.

Ga Baba kuma, in mota na tafiya kujera mai bel ita ce wurin zamanshi, gadon a bari sai an tsaya hutawa.

TAMBAYA: Oga ni direba ne, ina da Hiace hama ta fetur. Tunani nake in cire kujerun baya in sa katifa da ɗan kabad da tankin ruwa in maida ta irin ta Turawa don masu ɗaukar shata zuwa Abuja da Legas. Zai ƙara mata shan mai?
Daga wani direba, Batagarawa

AMSA: Sannu da ƙoƙari direba, Allah ya tsare hanya. Wannan tunanin ya fi kwanta mani akan duk wata 'yar Amurka, don motarka ce ka san halinta, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Ka yi lissafin nauyi kawai. Fasinja goma sha huɗu da jakunkunansu sun kusa tan ɗaya, in ka cire su da kujerunsu ka sa katifa da kabad na falanki marar kauri da mutum huɗu ko biyar, ai sauƙi ma ka yi mata. Inda ake ɓata abin shi ne a kai wa kafinta ko mai walda ya zuba katako mai nauyi da ƙarfen gado da tayil a ƙasa, sai ka ga an mayar da tan ɗin da aka cire. Ruwa ma lita ɗaya kilo ɗaya ne, tankin lita 100 kamar buhun masara ne kake yawo da shi, ka ɗauki abin da zai kai ka zango na gaba ya isa.

Abin da zai ci maka mai da gaske shi ne saman motar. Ka ɗora kariya ka jibga kaya da tankin ruwa da janareta a sama, ko ka sa a ɗaga rufin, ka ƙara faɗin abin da ke karo da iska kenan. Ita kuma iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, in ka tashi daga 90 ka koma 120 turjiyar da take yi maka ta kusa ninki biyu, shi ya sa ku direbobi kun sani hama a 90 zuwa 100 daban take da hama a 130, allurar mai da ido kake ganin tana sauka. Lokacin hunturu in kana dawowa arewa iska na bugun ka ta gaba abin ya ƙara yawa. Farantin sola guda ɗaya a kwance a saman rufi ba zai dame ka ba, da shi da batir ɗaya za su riƙe maka fanka da fitila da cajin waya har safe, ka huta da barin inji a kunne. Ka gwada ta cike zuwa cike kamar yadda na faɗa wa Alhaji kafin ka taɓa komai, ka sake gwadawa bayan aikin, sai ka san nawa za ka sa kuɗin shata. Ka kuma je ofishin lasin a gyara takardu da inshora su dace da abin da motar ta zama.

TAMBAYA: Malam wai gaskiya ne in maleji kaɗan ne mota ba za ta sha mai ba? Na ga wata mai ɗaki shekararta goma amma mil dubu 30 kawai ta yi.
Daga wani ma'aikaci, Dutsinma

AMSA: Ɗan'uwa ba haka ba ne. Shan mai daga girman inji da nauyi da siffar mota yake farawa, sabuwa dal ma in V10 ce haka za ta sha. Su motocin gida kusan dukkansu malejinsu kaɗan ne don masu su hutu kawai suke fita da su, sauran watanni tana aje, kuma zaman nan ba alheri ba ne ga mota. Fetur in ya daɗe a tanki yana lalacewa ya yi danƙo ya toshe injekta da kafiretan janareta, robobi su bushe su fara yoyo, birki ya kama ya riƙa riƙe ƙafa kana tafiya kana jan shi ba ka sani ba, duk mai ne. Bayan gwaji ka kai hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa.

Taya kuma kar zanenta ya ruɗe ka, za ka ga kamar sabuwa alhali ta tsufa. A jikinta akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe sati ne da shekara, 2316 na nufin sati na 23 a 2016. Wadda ta haura shekara shida ko bakwai ka sa kuɗin canza ta cikin ciniki, irin motar nan taya shida gare ta, kuma tsohuwar taya da nauyi da kwaltar Afrilu ba sa haɗuwa lafiya. Iskar tayar ma a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, in ta yi ƙasa mai na ƙaruwa. Ka leƙa rufi da kusurwoyi ka danna bango, inda ya yi laushi ruwa ya shiga katako ya ruɓe. Shi kanshi malejin ana juya shi, ka duba fedar birki da sitiyari da kujerar direba ko cinyewarsu ta yi daidai da mil dubu 30, janaretar ma tana da nata agogon da ke ƙirga awoyin da ta yi aiki.

TAMBAYA: Na sayi Sienna 'yar Beljiyam muna tafiye-tafiye da iyali har mukan kwana ciki, da farko lafiya lau, da na kai ta gareji aka cire mata tamostat da indomi, wato matatar hayaƙin nan ta cikin salansa, wai don kar ta yi zafi, tun lokacin take shan mai kamar me. Wasu sun ce in maida ta CNG, wato ta koma amfani da iskar gas maimakon fetur. Ya zan yi?
Daga wani malamin makaranta, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Malam ka fara maida tamostat ɗin nan kafin komai. Aikinshi ya riƙe injin a zafin da aka tsara mashi, wajen digiri 80 zuwa 90, in babu shi inji na daɗewa bai ɗau zafi ba musamman da asuba da lokacin sanyi, kwamfutar motar kuma in ta ga inji da sanyi ƙara mai take yi. Mota in tana zafi a nemi dalilin a lagireto ko fanka ko famfon ruwa. Wajen cire indomin kuma sau da yawa ana taɓa na'urar da ke sansano hayaƙi a salansa, wadda ita ke faɗa wa kwamfuta ta rage mai ko ta ƙara, in ta mutu ko an yanke wayarta sai motar ta riƙa zuba mai da ka. Ka kai a sa mata na'urar dubawa, in wutar inji na kunne a dashbod kar ka bari a liƙe ta ko a cire ƙwan. A duba fulogi da matatar iska, ƙurarmu ta hunturu wata biyu ta ishe ta toshe ta. Sienna V6 mai lafiya ka sa ran kilomita 7 zuwa 8 a lita cikin gari, 9 zuwa 10 a doguwar hanya, in ka samu haka ka gode Allah kar wani ya ce maka za ta yi kamar Golf.

CNG kuma ba ya gyara injin da ke da matsala, ka gyara tukuna. Bayan nan ka duba abu biyu, akwai wurin cikawa a hanyar da kake bi kullum ko sai ka yi tafiya ta musamman, sannan tukunyar a but ake aje ta, tana da nauyi kuma daidai inda kuke shimfiɗa katifar yara za ta zauna. In ka ga duk da haka ta fi maka, a wurin da aka ba izinin yin aikin za ka kai, da tukunyar CNG ta asali mai lamba da kwanan wata a jikinta, kar ka yarda a sa maka ta gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda.